Yadda Ake Koyar da Zayyana, Zurfin Zane da Tsara Hoto a Ajin Zane

Yaron da ya ce bai iya zane ba, yawanci abin da yake nufi shi ne hannunsa ya ƙi fitar da abin da idonsa ya gani, kuma ba a taɓa nuna masa inda zai fara ba. Abubuwa uku ne ke warware wannan a aji: zayyana da kamfas da rula, sai zurfin zane, wato nuna nesa da kusa a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, sannan tsara hoto, wato zaɓen abin da zai shiga takardar da wurin da zai zauna. Dukansu mataki-mataki ake koyonsu, kuma jerin yana da muhimmanci. Zayyana ce ke koya wa hannu jan layi marar nauyi da awo daidai, kuma ba a iya zurfin zane sai da waɗannan biyun. Tsara hoto yana zuwa ƙarshe domin sai yaro ya sami abin da zai tsara tukuna.

Kayan aiki, da abin da za a duba kafin yara su shigo

Kowane ɗalibi yana buƙatar rula mai santimita 30, kamfas, magogi, takarda A4, da fensir iri biyu: mai tauri kamar 2H na layukan gini, wato layukan share fage marasa nauyi da ake gogewa daga baya, da mai laushi kamar 2B na layin ƙarshe. In HB kaɗai ake da shi ba laifi, sai dai a koya musu riƙe shi nesa da baki lokacin gini, domin hannu ya yi sauƙi. A sa kwali ko littafin rubutu a ƙarƙashin takardar. A kan tebur mai santsi allurar kamfas ba ta samun abin kamawa, sai ta zame a tsakiyar aiki.

Rabin matsalar darasin farko daga kamfas take, don haka malami ya duba su ɗaya bayan ɗaya kafin darasi. A ɗaure sukurun da ya saki. A sa guntun fensir da aka fiƙe sosai, domin dogo yana rinjayar kamfas gefe ɗaya. A haɗe ƙafafun biyu a ga bakin fensir da bakin allura sun zo tsayi ɗaya. Ana riƙe kamfas ne ta can sama da yatsu biyu, a ɗan karkata shi wajen da ake juyawa. Wanda ya kama ƙafafun zai matse su ba tare da ya sani ba. A ƙirga su wajen rabawa da wajen karɓa, saboda allura ce. Shi kuma malami a allo, igiya da alli sun ishe shi.

Da'ira da rabon shida

A ja layi a kwance a tsakiyar takarda, a yi ɗigo a tsakiyarsa. A buɗe kamfas santimita 4, a kafa allura a ɗigon, a zana da'ira. Daga nan har ƙarshen aikin ba za a sake taɓa buɗin kamfas ba, kuma ya kamata malami ya faɗi wannan fiye da sau ɗaya.

Da'irar ta yanke layin a wuri biyu, dama da hagu. A kafa allura a na dama, a zana wata cikakkiyar da'ira. Za ta bi ta tsakiyar ta farko, ta yanke ta sama da ƙasa. A koma na hagu a yi haka. Yanzu akwai ɗigo shida a bakin da'irar farko: biyu a kan layi, biyu a sama, biyu a ƙasa. A kafa allura a kowanne daga cikin huɗun da suka rage, a zana da'ira. Fure mai ganye shida zai fito a tsakiya, kuma faɗin aikin duka santimita 16 ne, ya shiga takarda da sauran wuri.

Akwai dalilin da ya sa aka fara daga bakin layi biyu maimakon a riƙa takawa daga ɗigo zuwa ɗigo a zagaye, kamar yadda da yawa suke koyarwa. In ana takawa, kuskuren kowane taki yana hawa kan na baya. Milimita ɗaya a kowane taki, kafin a zagayo ya zama kusan shida, sai ɗigon ƙarshe ya ƙi haɗuwa da na farko, yaro kuma ya ɗauka shi ne bai iya ba. In aka auna daga ɓangarori biyu na layi, kuskuren ba ya taruwa.

Daga ɗigo shidan nan ake fitar da komai. In aka haɗa su a jere da rula, an sami siffa mai gefe shida, kowane gefe santimita 4. In aka riƙa tsallake ɗaya, an sami alwatika biyu da suka hau juna, wato tauraro mai tsini shida. A nan ya kamata a tsaya a tambayi aji: me ya sa shida cif, ba biyar ba, ba bakwai ba? A sa su haɗa tsakiya da ɗigo biyu da ke maƙwabtaka, su auna gefunan. Duka ukun santimita 4 ne, saboda haka kowace kusurwa digiri 60 ce, shida daga cikinta kuma su ne 360 na zagaye. Yaron da ya gano wannan da rularsa ba ya mantawa.

Rabon takwas da aikin aji gaba ɗaya

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne ba da sakamakon da za a liƙa a bango, kuma yana cin darasi biyu.

A ja layi a kwance, a zana da'ira da buɗin santimita 6. Don samun layin tsaye da ya ratsa tsakiya daidai, a buɗe kamfas santimita 9, a kafa a bakin da'ira na dama a yi ɗan baka sama da ƙasa, a koma hagu a maimaita. Inda bakunan suka gitta juna, sama da ƙasa, a haɗa da rula. Kada a bar yara su ja wannan layin da ido. In ya karkace da digiri biyu kawai, duk abin da zai biyo baya ya karkace.

Yanzu akwai ɗigo huɗu a bakin da'ira. A mayar da kamfas santimita 6. A kafa a ɗigon dama a yi baka a waje, ta sama da ta ƙasa. A yi haka a ɗigon sama, da na hagu, da na ƙasa. Bakunan za su gitta juna a wurare huɗu a wajen da'irar, kuma waɗannan su ne kusurwoyin murabba'i mai santimita 12 da ya kewaye ta. A zana murabba'in, sannan a ja layuka biyu daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Dole su bi ta ɗigon tsakiya. In sun kauce, a koma a duba tun yanzu. Inda suka yanke da'ira an sami ƙarin ɗigo huɗu, jimilla takwas.

A rubuta lamba 1 zuwa 8 a jikinsu da fensir marar nauyi. Haɗa 1, 3, 5, 7 yana ba da murabba'i ɗaya, haɗa 2, 4, 6, 8 yana ba da na biyu a karkace. Sai a ɗauki 2B a bi gefen waje kawai, tauraro mai tsini takwas ya fito. Masu saurin gamawa a sa su tsallake biyu-biyu a wata takardar, 1 zuwa 4, 4 zuwa 7, 7 zuwa 2, har su dawo 1, su ga tauraro mai dogayen tsinaye.

Kowa ya yanke murabba'insa a kan layi. In ɗalibai 30 ne, a jera biyar a faɗi shida a tsayi, abin zai kai santimita 60 da 72. Tsinayen taurari za su taɓa juna a tsakiyar kowane gefe, kuma tsakanin kowane taurari huɗu wata siffa za ta bayyana mai hannuwa huɗu, wadda ba wanda ya zana ta. A nuna musu ita da yatsa. Wannan ne karo na farko da za su ga cewa filin da aka bari tsakanin abubuwa shi ma siffa ne, kuma za a buƙaci wannan fahimtar in an zo tsara hoto. Kafin a fara shafa launi a yi yarjejeniya: launi biyu ko uku ga aji duka, tauraro da nasa, kewayensa da nasa. In aka bar kowa da son ransa, maimaituwar da ita ce ran zayyana za ta ɓace a cikin launuka.

Irin wannan tauraro da abokin zamansa suna cikin adon gine-ginen Musulunci tun ƙarnuka da dama. Bangayen fadar Alhamra da ke Garanada a Sifaniya cike suke da zayyanar da aka gina da kamfas da rula, kuma mai zanen nan na ƙasar Holan, Escher, ya ziyarce ta a 1922 da 1936, ya zauna yana kwafar adon, abin da ya sauya aikinsa daga baya. Hoto ɗaya ko biyu na irin waɗannan bangaye sun isa, amma a nuna su bayan yara sun yi nasu, lokacin da za su iya gano da'irar da ke ɓoye a ƙarƙashi.

In akwai sauran lokaci, a ba su kwali su yanke siffofi masu gefe daidai, su gwada waɗanda ke rufe fili ba tare da gibi ba. Uku ne kawai ke yi su kaɗai: alwatika mai kusurwa 60, murabba'i mai 90, da mai gefe shida mai 120, domin su ne ke shiga 360 ba saura. Mai gefe biyar kusurwarsa 108 ce, uku sun ba da 324, sai gibin digiri 36 ya rage. Mai gefe takwas 135 ce, biyu sun ba da 270, ragowar 90 kuma murabba'i ne ke cike ta.

Zurfin zane: a fara da ido kafin doka

Kuskuren da aka fi yi shi ne malami ya fara da zana hanya mai tsukewa a allo, yara su kwafa. Za su kwafa da kyau, amma in aka ce su zana teburin da ke gabansu sai su koma yadda suka saba, domin sun san saman tebur kusurwoyinsa daidai suke, kuma abin da suka sani ya fi ƙarfin abin da suke gani. Gani ya kori ji, don haka darasin farko a waje ake yinsa ko a bakin taga.

A sami leda mai kauri da ake gani ta cikinta, a ɗaure ta a firam na kwali, ko a yi amfani da gilashin taga da alƙalamin maka mai goguwa. Ɗalibi ya tsaya ya fuskanci baranda ko dogon gini, ya rufe ido ɗaya, kada ya motsa kai, ya bi gefunan abin da yake gani a kan ledar. In an ɗora ta a kan farar takarda, zai ga layin rufi yana gangarowa, layin ƙasa yana hawa, kuma in aka miƙa su da rula za su haɗu a wuri ɗaya. Rufe ido ɗaya wajibi ne, saboda kowane ido daga wurinsa yake kallo. Motsa kai kuma yana sauya komai. Wannan tunanin, cewa hoto kamar taga ce da ake leƙa duniya ta cikinta, shi ne tushen abin da mai tsara gine-gine Brunelleschi ya gwada a birnin Filorens na Italiya a farkon ƙarni na 15, wani masani mai suna Alberti kuma ya rubuta ƙa'idojinsa a 1435.

Abu na biyu shi ne layin ido, wato layin kwance da ke daidai tsayin idon mai kallo. A jera ɗalibai huɗu masu tsayi kusan ɗaya a fili mai daidaito, kowanne ya fi na gabansa nisa da taki goma, sauran aji su tsaya su duba. Kawunansu duk suna kan layi ɗaya, ƙafafunsu ne ke hawa sama yayin da suke nisa. Sai a ce masu kallo su tsuguna: layin ya sauko, yanzu ya yanke mutanen a ƙugu. Daga ranar nan, kowane zane da layin ido ake fara shi.

Yaran da ba su kai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ba, bai kamata a matsa musu da ɗigon haɗuwa ba, wato wurin da layukan da ke tafiya nesa suke haɗuwa. Dabaru uku sun ishe su: na kusa ya fi girma, na kusa yana rufe wani ɓangare na na nesa, kuma gindin na nesa ya fi hawa sama a takarda.

Ɗaki mai ɗigo ɗaya

A kwantar da takarda. A tsakiyarta a zana bangon ƙurya, faɗi santimita 12, tsayi 9. A gaya musu kowane santimita 3 yana wakiltar mita ɗaya, ke nan ɗakin mita 4 ne a faɗi, 3 a tsayi. Idon mutumin da ke tsaye yana wajen mita ɗaya da rabi, saboda haka layin ido yana santimita 4.5 daga gindin bangon. A sa ɗigon haɗuwa a kan layin. A ɗora rula a kan ɗigon da kowace kusurwar bango, a ja layi daga kusurwar zuwa bakin takarda. Daɓe, rufi da bangayen gefe biyu sun fito.

Layi iri uku ne kaɗai a wannan zanen, kuma a rubuta su a allo: na tsaye yana nan a tsaye, na kwance da ke fuskantarmu yana nan a kwance, wanda yake tafiya ciki kuma yana nufar ɗigo. Duk layin da bai shiga ɗayan ukun ba kuskure ne.

Ƙofar bangon gefe ita ce jarrabawa. Tsayinta mita 2 ne, don haka a auna santimita 6 daga ƙasa a gefen bangon ƙurya, a yi alama, a ja layi daga ɗigo ta kan alamar ya bi bangon gefe. Wannan ne saman ƙofa. Sai a tayar da layuka biyu a tsaye daga gindin bango zuwa gare shi. Kurakurai biyu za su bayyana a kusan kowane layin kujeru. Wasu za su ja saman ƙofa a kwance, domin sun san ƙofa haka take. Wasu za su karkatar da gefunanta, domin gindin bangon a karkace yake, hannu kuma yana son tashi daga gare shi da kusurwa daidai. Maganin na biyun shi ne a riƙa daidaita rula da gefen takarda kafin a ja kowane layin tsaye.

Daɓe mai tayil

A sabuwar takarda a kwance, a ja layi mai santimita 18 can ƙasa, a raba shi shida, santimita uku-uku. A ja layin ido santimita 12 sama da shi, ɗigo a tsakiya. A haɗa alamomi bakwai ɗin da ɗigon. A ja layin ƙarshen daɓe a kwance, santimita 6 sama da layin gaba. Abin da ya rage shi ne inda layukan gicciye za su zauna, kuma nan ne kowa ke son yin ƙiyasi da ido, ko ya raba su daidai da rula, sai daɓen ya zama kamar ya miƙe tsaye.

A ja layi ɗaya daga kusurwar gaba ta hagu zuwa kusurwar baya ta dama. Duk inda ya yanke ɗaya daga cikin layukan da ke tafiya ɗigo, a ja layi a kwance ta wurin. Malami zai iya duba aiki da waɗannan lambobi: daga layin gaba, na farko yana wajen santimita 1.7, na biyu 3, na uku 4, na huɗu 4.8, na biyar kusan 5.5, na shida 6. Jerin farko ya fi santimita ɗaya da rabi zurfi, na ƙarshe da ƙyar ya wuce rabin santimita. Ɗalibi kuma ya duba kansa ta hanyar jan layi daga ɗaya kusurwar. In aikin daidai ne, shi ma zai bi ta kusurwoyin tayil ɗin.

A nan ne zayyana ke dawowa aiki. A ɗauki tayil huɗu da suka haɗu a matsayin murabba'i ɗaya. Tsakiyar gefunansa huɗu suna nan a shirye, haɗa su zai ba da murabba'in da ke karkace, a kwance a ƙasa. Masu ƙarfin hali su ƙara na biyun su fitar da tauraro mai tsini takwas a kan daɓe.

Turakun da ke jere a tazara ɗaya ma da irin wannan dabara ake yinsu. A zana na farko, a ja layuka uku zuwa ɗigo daga samansa, tsakiyarsa da gindinsa. A kafa na biyu inda ake so. Layin da ya taso daga saman na farko, ya bi ta tsakiyar na biyu, inda ya taɓa layin ƙasa nan ne gindin na uku. Haka za a ci gaba.

Ɗigo biyu, da abin da ke lalata shi

In ana kallon akwati ko gini ta kusurwarsa, ɗigo biyu ake buƙata, duka a kan layin ido. A fara da layin tsaye na kusurwar da ta fi kusa, santimita 5, a ja daga samansa da gindinsa zuwa ɗigon dama da na hagu, a tayar da layin tsaye ɗaya a kowane gefe don yanke tsawon akwatin. Daga saman na dama a nufi ɗigon hagu, daga saman na hagu a nufi ɗigon dama. Inda suka haɗu ita ce kusurwar baya. A sa su zana uku: ɗaya ƙasa da layin ido ana ganin samansa, ɗaya sama da layin ana ganin ƙarƙashinsa, ɗaya a kan layin ba a ganin ko ɗaya.

Abin da ke lalata shi kusan kullum ɗaya ne: ɗigon biyu sun yi kusa da juna, sai akwati ya yi tsini kamar zai soki mai kallo. Ma'auni mai sauƙi shi ne kusurwar gindin da ta fi kusa ta fi digiri 90 buɗewa a takarda. A liƙa A4 ɗin a kan babbar takarda da salatif, a sa ɗigon biyu a waje, kowanne kamar tafin hannu ɗaya daga bakin takarda. Wajen neman tsakiyar bango, don ƙofa ko tsinin rufi, kada a auna da rula. A gitta layuka biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, mahaɗarsu ita ce tsakiya, kuma za ta ɗan fi karkata wajen nesa.

Da'irar da ke kwance, kamar bakin kofi, tana fitowa kamar an matse ta sama da ƙasa. Gefunanta a lanƙwashe suke, ba su da tsini. Tana ƙara sirancewa in ta matso layin ido, saboda haka kofin da ke kan tebur gindinsa ya fi bakinsa lanƙwasa, duk da cewa yara sun fi son jan gindin a miƙe. Nisa kuma yana cin launi da ƙananan bayanai: abin nesa da 2H, na kusa da 2B.

Tsara hoto

A yanke taga mai santimita 7 da 5 a jikin kwali, wadda ta yi kusan daidai da fasalin A4. A ajiye abubuwa uku ko huɗu masu bambancin tsayi a kan tebur. Ɗalibi ya rufe ido ɗaya, ya leƙa ta tagar, ya matso da ita, ya nisanta ta, ya juya ta a tsaye. Sannan ya zana ƙananan akwatuna huɗu masu girman tagar, ya cike kowanne cikin minti uku da tsari daban, da duhu iri uku kawai: fari, toka-toka, baƙi. Ba a yarda a taɓa babbar takarda ba sai an zaɓi ɗaya an kuma faɗi dalili. Yara ba sa son wannan matakin, suna ganin ɓata lokaci ne, amma kada malami ya sassauta. Sauya tsari a ƙaramin akwati minti uku ne, a babban zane kuwa darasi guda ne.

Rabon uku yana taimakon mai farawa. A raba takarda uku a tsaye, uku a kwance, wato kusan kowane santimita 10 a tsawon A4 da kowane 7 a faɗinta, a sa abin da ake so ido ya fara gani kusa da ɗaya daga cikin mahaɗai huɗun, layin ido kuma kusa da ɗayan layukan kwance. A gaya musu gaskiya cewa wannan mafari ne kawai. Tauraron da suka zana a tsakiya yake, kuma ya yi kyau, domin can daidaito ake nema.

Matsalolin da za a gani sanannu ne. Ƙaramin abu a tsakiyar takarda da fili ko'ina: a ce zanen ya taɓa gefen takarda aƙalla a wuri biyu, ko da wani abu zai yanke. Abubuwa a jere a layi ɗaya a ƙasa: a sa ɗaya ya shiga gaban wani. Abubuwa biyu da gefunansu suka taɓa juna kawai: wannan yana kashe zurfi, domin ido ba ya sanin wanne ne a gaba, don haka ko su hau juna sosai ko su rabu sosai. Komai girma ɗaya: a nemi babba, matsakaici da ƙarami. Don su ji wannan a hannu, a ba su baƙar takarda su yanke siffofi uku, su riƙa matsar da su a kan fara, suna kallon farin da ya rage kamar yadda suka kalli siffar da ke tsakanin taurari, kafin su liƙa.

Hanyar duba tsari ita ce a jingine zanen a allo, a koma bayan aji, a ƙanƙance ido har bayanai su dushe. In duhu da haske sun rabu zuwa manyan sassa, kuma ido ya san inda zai fara, tsarin ya zauna. Juya zanen kai ƙasa ma yana tona nauyin da ya taru gefe ɗaya.

Aikin ƙarshen zango da yadda za a ba da maki

Aiki ɗaya zai haɗa ukun: ɗaki ko farfajiya a kan takarda A3, da daɓe mai zayyana, da abu ɗaya da aka zaɓa ya ja ido. Darasi huɗu sun isa: na farko ƙananan tsare-tsare, na biyu layin ido da gini, na uku zayyanar daɓe, na huɗu duhu da launi.

A karɓi aikin sau biyu. Karo na farko a ƙarshen darasi na uku, kafin a goge layukan gini, domin a cikinsu ne ake ganin ko ɗalibi ya fahimta ko ya kwafi na maƙwabcinsa. Malami ya ɗora rula a kan layuka uku da ya zaɓa ya ga ko suna nufar ɗigo. In maki 20 ne, 8 su tafi ga gini, 4 ga daidaiton zayyana, 5 ga tsari tare da ƙananan zanen da aka liƙa a baya, 3 ga tsabta da launi. Wajen gyara, kada malami ya zana a kan aikin ɗalibi. Ya ɗora takarda mai shara-shara a sama, ya ja layin da ya dace a kanta, ya bar ɗalibin ya gyara nasa da hannunsa kafin darasi na huɗu.